Wa ke da haƙƙin yafewa? Yadda Afirka ta Kudu ta yi jinyar raunin wariyar launin fata

Ranar 10 ga Afrilun 1993 wani farar fata ɗan asalin ƙasar Poland, Janusz Walus, ya harbe Chris Hani a ƙofar gidansa a Boksburg. Hani shi ne babban sakataren jam'iyyar kwaminis, kuma in ka cire Nelson Mandela, babu wanda matasan unguwannin baƙar fata suke ji da shi kamarsa. Saura ƙiris ƙasar ta kama da wuta. Mandela, wanda a lokacin bai riƙe wani muƙamin gwamnati ba, shi ya fito a talabijin ya ba jama'a haƙuri, ya tuna musu cewa matar da ta ɗauki lambar motar makashin ta kira 'yan sanda ita ma farar fata ce. Da kyar aka tsallake, aka yi zaɓen 27 ga Afrilun 1994. Amma zaɓe bai amsa tambayar da ke cin kowa a rai ba. Waɗanda suka shekara da shekaru suna kisa da azabtarwa da sunan gwamnati suna nan da ransu, da yawansu sanye da kaki. Yaya za a yi da su? Yaya kuma za a yi da iyayen da ko gawar 'ya'yansu ba su gani ba?

Gurfanar da su irin yadda aka yi wa 'yan Nazi a Nuremberg sai an sami wanda ya ci yaƙi, a nan kuwa babu wanda ya ci. A kan tebur aka daidaita, sojoji da 'yan sandan tsohuwar gwamnati na riƙe da makamansu, an kuma lalata tarin takardun jami'an tsaro kafin a miƙa mulki. Shari'ar tsohon ministan tsaro Magnus Malan ta nuna iyakar abin da kotu za ta iya: an tuhume shi da wasu manyan hafsoshi kan kisan mutum 13 a KwaMakhutha a 1987, aka yi watanni ana kai-komo, a Oktoban 1996 aka sallame su baki ɗaya. Su kuma masu barin gado abin da suka so shi ne afuwar gama-gari, a rufe littafi ba tare da an buɗe shi ba. Sai aka tsaya a tsakiya. Sakin layin ƙarshe na tsarin mulkin wucin gadi na 1993 ya yi alkawarin afuwa, ya kuma ce ƙasar na buƙatar fahimtar juna da gyaran ɓarna da ubuntu, wato mutuntaka, maimakon ramuwar gayya. Ministan shari'a Dullah Omar ya kai ƙudurin majalisa, ya zama doka ta 34 ta 1995, wadda ta kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa. Cinikin a taƙaice shi ne: ka zo da kanka, da sunanka, ka faɗi duk abin da ka aikata, a ɗauke maka hukunci.

Sauyin da ya riga hukumar zuwa

Ba za a gane dalilin da ya sa aka ɗora limamin coci, Desmond Tutu na cocin Angilika, a kan aiki mai kama da na alƙali ba sai an san cewa wariya a Afirka ta Kudu tana da malamanta. Babban cocin fararen fata 'yan Afirkana, mai asali daga Holan, ya daɗe yana koyar da cewa raba jinsuna nufin Allah ne, yana kafa hujja da labarin hasumiyar Babila. Wanda ya tashi cikin wannan karatu ba ya jin yana zalunci, gani yake yana kiyaye tsarin Ubangiji. Irin wannan yaƙini kuwa ba ya rushewa sai daga cikin addinin kansa, kuma an ɗauki kusan shekara 30 ana rusa shi. Beyers Naudé, wanda ke kan hanyar zama babban jagora a cocin, kisan mutum 69 da aka yi a Sharpeville a 1960 ya girgiza shi, ya rabu da muƙaminsa a 1963, gwamnati ta yi masa ɗaurin talala daga 1977 zuwa 1984. A 1982, a birnin Ottawa, ƙungiyar duniya ta coci-cocin wannan ɗariƙa ta ayyana wariya a matsayin saɓo da karkatacciyar aƙida, ta dakatar da cocin. A 1985 wasu malaman tauhidi, galibinsu baƙaƙe, suka fitar da takardar Kairos, inda suka soki shugabannin coci masu wa'azin sulhu alhali azzalumi bai tuba ba.

A Nuwamban 1990, a taron Rustenburg, farfesan tauhidi Willie Jonker ya miƙe ya amsa laifin wariya a madadin kansa da cocinsa da al'ummarsa. Desmond Tutu ya tashi ya karɓi tuban. Wasu wakilai baƙaƙe ba su ji daɗi ba: wa ya wakilta Tutu ya yafe da bakin kowa? Wannan tambaya ta bi hukumar har ranar da ta rufe ofis, kuma a ganina ita ce zuciyar duk al'amarin.

Musulmin ƙasar ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, amma su ma sun ba da jini. Imam Abdullah Haron na wani masallaci a Claremont, Cape Town, ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 27 ga Satumban 1969 bayan kwana 123 a tsare, aka ce wai daga matattakala ya faɗo. Da hukumar ta kira ƙungiyoyin addinai a East London a Nuwamban 1997, ba Kiristoci kaɗai suka amsa cewa shugabanninsu sun yi shiru lokacin da ya kamata su yi magana ba.

Yadda aka tsara aikin

Kwamishinoni 17 aka naɗa, Tutu shugaba, Alex Boraine, tsohon jagoran cocin Methodist, mataimakinsa. Aka raba aikin ga kwamitoci 3: na sauraron waɗanda aka zalunta, na afuwa, da na diyya da farfaɗowa. Hurumin hukumar ya fara daga 1 ga Maris 1960 zuwa 10 ga Mayun 1994, ranar rantsar da Mandela. Laifukan da za ta duba kuwa huɗu ne: kisa, sace mutum, azabtarwa, da mummunan cin zarafi, ko daga ɓangaren gwamnati ko daga 'yan gwagwarmaya.

Matakin farko shi ne ɗaukar bayani. An horar da ma'aikata suka shiga garuruwa da ƙauyuka, suna zama da mutum a cikin harshensa suna rubuta abin da ya same shi. Sama da mutum 21,000 suka ba da bayani, masu bincike suka bi diddigi don tabbatarwa. Daga cikinsu kimanin 2,000 aka zaɓa su yi magana a bainar jama'a, a ɗakunan taro na gari da makarantu da coci-coci, kusa da inda abin ya faru. Zaman farko an yi shi a East London ranar 15 ga Afrilun 1996.

Tsarin zaman shi ne inda hikimar take. Ana buɗewa da addu'a, a kunna kyandir, a karanto sunayen waɗanda suka mutu. Mai ba da shaida ba ya zama shi kaɗai: akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya shirya shi tun kafin ranar, ya zauna gefensa, ya ba shi ruwa, ya dafa kafaɗarsa idan kuka ya ci ƙarfinsa, ya kuma raka shi bayan an tashi. Tafintoci na fassarawa nan take, don tsohuwa mai jin Xhosa ko Zulu kaɗai ta yi magana da harshen da ta yi kukan da shi. Babu lauya mai yi mata tambayoyin ƙure. Kwamishina ɗaya ne ke jan zancen a hankali, a ƙarshe kuma a tambaye ta abin da take so hukumar ta yi mata. Amsoshin sun ba mutane da yawa kunya saboda ƙanƙantarsu: a nuna mini inda aka binne shi, a ba ni takardar shaidar mutuwa, a kafa masa dutsen kabari, a biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. A zaman East London ne Nomonde Calata, matar Fort Calata, ɗaya daga cikin mutum huɗu 'yan garin Cradock da 'yan sanda suka kashe a Yunin 1985, ta ƙwalla kukan da aka ji a rediyo a duk faɗin ƙasar. Tutu ya dakatar da zaman, da aka dawo kuma da waƙar makoki aka ci gaba.

Me wannan ya haifar? Mutumin da hukuma ta shekara 20 tana ce masa maƙaryaci, yau ga hukuma a zaune tana sauraronsa, tana rubutawa, tana ce masa mun yarda haka aka yi. Yawancin iyalan sun san gaskiya tun farko. Abin da suka rasa shi ne a amsa musu ita a fili. Rahoton hukumar ma ya bambanta gaskiyar da ake tabbatarwa da hujja, da gaskiyar da mutum ke faɗa daga abin da ya ɗanɗana, da wadda ake cim ma ta hanyar tattaunawar jama'a, da wadda ke warkarwa.

Kwamitin afuwa kuwa kamar kotu yake, alƙalai ke jagorantarsa, lauyoyi na yin tambayoyi, iyalan mamaci na da damar ƙalubalantar mai nema. Sharuɗɗan su ne laifin ya kasance cikin shekarun da aka ƙayyade, ya kasance da manufar siyasa a ƙarƙashin gwamnati ko wata sananniyar ƙungiya, girman ɓarnar ya dace da manufar, sannan mai nema ya fayyace komai. Sama da mutum 7,000 suka nema, aka ƙi mafi yawansu, domin da yawa fursunoni ne masu laifukan yau da kullum da ke gwada sa'a. Ta wannan ƙofa aka ji abubuwan da kotu ba za ta taɓa tonowa ba. A 1997 ɗan sanda Jeffrey Benzien ya durƙusa a gaban kwamiti ya nuna yadda yake rufe kan fursuna da jiƙaƙƙen buhu har numfashi ya ɗauke, saboda Tony Yengeni, wanda ya taɓa yi wa hakan, ya buƙaci ya nuna. Phila Ndwandwe, matashiyar mayaƙiyar ANC, ƙungiyar su Mandela, da aka sato daga Swaziland a 1988, ta ɓace har ana raɗe-raɗin ko ta koma wa abokan gaba. Waɗanda suka kashe ta ne suka nuna ramin da suka binne ta, suka kuma shaida cewa ƙin cin amanar 'yan uwanta ne ya sa suka harbe ta. An tono ƙasusuwanta a 1997, iyalinta suka yi mata jana'iza, sunanta ya wanku. Bayan irin waɗannan, da wuya wani farar fata ya ƙara cewa sharrin 'yan kwaminis ne kawai.

Afuwar gwamnati daban, yafiyar mai haƙƙi daban

A nan matsala ta farko ta kunno kai. Dokar ba ta sa nadama cikin sharuɗɗa ba. Akwai hujja mai ƙarfi a kan haka: ba a auna nadama, kuma da an wajabta ta da an cika ɗakin da hawayen ƙarya. Amma sakamakon shi ne mutum ya karanta takardar da lauyansa ya rubuta, fuska ba yabo ba fallasa, ya kwatanta yadda ya ƙone gawa, ya tafi gida. Afuwar kuma ba hukuncin laifi kaɗai ta shafe ba, har da damar iyali su kai ƙarar neman diyya. Iyalan Steve Biko da Griffiths Mxenge da Fabian Ribeiro, 'yan gwagwarmayar da aka kashe a zamanin wariya, tare da ƙungiyar siyasar baƙaƙe ta AZAPO, sun kai maganar kotun tsarin mulki a 1996. Mai shari'a Ismail Mahomed ya amince cewa abin na da ciwo, amma ya ce ba don alkawarin afuwa ba da ba a sami sabuwar ƙasar ba, kuma nauyin biyan diyya ya koma kan gwamnati. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin ita ce alkawarin da aka saɓa daga baya.

Wanda ya san fiƙihu zai ga girman abin da aka karɓe daga hannun iyalan nan. A shari'ar Musulunci haƙƙin jini na magadan mamaci ne, su ke zaɓar ƙisasi ko diyya ko yafewa, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta nuna. Malamai kuma sun ce tuba sai da barin laifin, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa, in kuma haƙƙin wani ne sai an mayar masa ko an nemi ya yafe. A Linjilar Luka sura 19 ma, Zakka shugaban masu karɓar haraji bai tsaya ga cewa ya tuba ba, sai da ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Addinan biyu sun haɗu a kan cewa mai laifi ne ke fara motsi. A zauren hukumar sau da yawa an juya tsarin: wanda aka zalunta aka fara tambaya ko zai yafe.

Tutu, da rigarsa ta limanci da gicciye a ƙirji, ya yi imani da gaske cewa babu makoma sai da gafara, kuma ba na shakkar cewa kasancewarsa a wurin ya hana zaman zama fagen zage-zage. Sai dai idan shugaban zama ya yi ta yabon wanda ya yafe a gaban kyamara, to wanda bai shirya yafewa ba zai ji kamar shi ne mai taurin zuciya, shi ne ke hana ƙasa ci gaba. Wannan nauyi ne na biyu a kan wanda tuni yake ɗauke da na farko. Fushin uwar da aka kashe wa ɗa ba cuta ba ce da za a yi gaggawar yi wa magani. Shaida ce cewa ta san darajar abin da aka raba ta da shi.

Yafiya ta gaskiya ta faru, kuma inda ta faru akwai abubuwan da suke maimaituwa. Iyayen Amy Biehl, ɗaliba 'yar Amurka da aka kashe a Gugulethu a Agustan 1993, ba su yi adawa da afuwar da aka yi wa matasa huɗu a 1998 ba, daga baya ma biyu daga cikinsu suka yi aiki a gidauniyar da aka kafa da sunanta. Brian Mitchell, kyaftin ɗin 'yan sandan da ya ba da umarnin harin Trust Feed na Disambar 1988, inda aka kashe mutum 11 a gidan makoki, ya koma garin da ƙafarsa bayan an yi masa afuwa, ya zauna aka zazzage masa baƙin ciki, da yawa suka ce ba su yafe ba, ya yi alkawarin taimakawa wajen sake gina garin. A duka biyun babu wanda aka tilasta, an ɗauki lokaci, mai laifi ya yarda ya tsaya gaban waɗanda ya cuta ba lauya a tsakani, kuma akwai wani aiki na zahiri da ya biyo bayan magana.

Manyan masu ba da umarni kuwa sun zame. Tsohon shugaban ƙasa P.W. Botha ya ƙi zuwa sam. Magajinsa F.W. de Klerk ya zo ya nemi gafara kan wariya a dunƙule, amma ya ce bai san da kashe-kashen ba. Alƙalai sun ƙi bayyana da kansu. Cikin ministocin tsohuwar gwamnati, Adriaan Vlok ne ya amsa laifi ya nemi afuwa, kuma a 2006 ya je ofishin Fasto Frank Chikane, wanda jami'ansa suka shafa wa tufafi guba a 1989, ya wanke masa ƙafa. Wasu sun ga tuba na haƙiƙa, wasu sun ce wanke ƙafa ya fi sauƙi a kan faɗin sauran abin da ya sani. Eugene de Kock, kwamandan rundunar kisa ta Vlakplaas, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai biyu da shekara 212 a 1996, ya sha cewa an bar masa kaya shi kaɗai alhali masu aikensa na yawo.

Bayan an kashe kyamara

Akwai zaton da aka gina aikin a kansa, cewa faɗin abin da ke zuciya magani ne. Gaskiya ne, amma rabinta. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da suka bi waɗanda suka yi shaida sun lura cewa mutum kan ji sanyi a ranar, sai bayan makonni mafarkai da rashin barci su dawo, wani lokaci fiye da da. An buɗe ciwo a zama ɗaya, hukumar ta kwashe kayanta ta tafi gari na gaba, babu mai dawowa dubiya. Ma'aikatan hukumar, musamman tafintoci da ke faɗin "na harbe shi" da "an kashe mini ɗa" da bakinsu duk yini, su ma sun jigata. Takardar ɗaukar bayani an yi ta gajarta ta don ta shiga kwamfuta, har labarin mutum ya koma cike gurabe. Mata su ne fiye da rabin masu ba da bayani, amma yawanci labarin mazajensu da 'ya'yansu suke bayarwa, sai da aka shirya musu zama na musamman kafin maganar fyaɗe a hannun jami'an tsaro ta fito. Wanda kuma bai ba da bayani ba kafin a rufe karɓa a ƙarshen 1997, saboda nisa ko tsoro ko rashin labari, ba ya cikin jerin masu diyya. Ƙungiyar Khulumani, wadda waɗanda aka zalunta suka kafa da kansu a 1995, ta daɗe tana fafutuka kan wannan rufaffen jeri.

Wanda ya fi fahimtar wannan giɓi shi ne Fada Michael Lapsley, limamin Angilika ɗan asalin New Zealand, wanda bam ɗin da aka aiko masa cikin wasiƙa a Harare a Afrilun 1990 ya cire wa hannu biyu da ido ɗaya. A 1998 ya kafa cibiyar warkar da miyagun tunane-tunane, don dubban da ba su sami kujera a gaban hukumar ba. Zamansu na 'yan kwanaki ne a keɓantaccen wuri. Ana fara da yarjejeniyar riƙe sirri. Kowa ya zana tarihin rayuwarsa a takarda da launuka, saboda hannu kan fitar da abin da baki ya kasa. Sai a rabu ƙananan rukuni, kowa ya ba da labarinsa ba mai katse shi, ba mai ba shi shawara, ba mai ce masa na wane ya fi naka muni. Ana haɗa baƙi da farare, tsohon soja da tsohon ɗan gwagwarmaya. Daga nan kowa ya ƙera wata alama da yumɓu, a rufe da bikin da mahalarta suka tsara da kansu, inda mutum ke ambaton abin da zai bari a baya da abin da zai tafi da shi. Ba a ce wa kowa ya yafe, kuma ana gaya musu cewa wannan taki ɗaya ne a doguwar tafiya. Lapsley kansa yakan ce bai yafe wa wanda ya aiko masa bam ba, don har yau babu wanda ya zo ya ce shi ne. Yakan kuma ba da misalin wanda ya sace maka keke, ya dawo bayan watanni ya ce ka yafe masa, ka yafe, ya hau keken ya tafi.

Keken kuwa ba a mayar ba. Hukumar ta miƙa wa Mandela kundi 5 na rahotonta ranar 29 ga Oktoban 1998, bayan ANC da de Klerk duk sun garzaya kotu kan abin da aka rubuta game da su, sauran kundi 2 aka miƙa wa magajinsa, Shugaba Thabo Mbeki, a Maris 2003. Ta ba da shawarar a biya kowane wanda aka tabbatar an zalunta tsakanin rand 17,000 zuwa 23,000 a shekara har shekara 6, a kuma duba yiwuwar ɗora harajin dukiya na lokaci ɗaya a kan waɗanda suka ci moriyar tsarin. Gwamnati ta ƙi harajin, ta biya rand 30,000 sau ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka nema, shi ma sai a 2003. Dubi bambancin: mai kisa yana samun afuwarsa da zarar kwamiti ya yanke hukunci, wadda aka kashe wa miji ta jira shekaru. Ba rashin kuɗi ba ne ma, domin asusun shugaban ƙasa da aka ware don diyyar ya tara kuɗin da suka haura rand biliyan ɗaya ba a kashe su ba.

Sai kuma abin da dokar ta bari a waje tun farko. Masanin nan ɗan Uganda, Mahmood Mamdani, ya nuna cewa taƙaita laifi ga kisa da azabtarwa ya mayar da wariya rikici tsakanin 'yan sanda da 'yan gwagwarmaya, alhali tsari ne da ya danne miliyoyi. Dokar filaye ta 1913 ta ware wa baƙaƙe kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ƙara zuwa kimanin 13 a 1936. Kimanin mutum miliyan 3.5 aka tasa daga gidajensu da ƙarfi tsakanin 1960 da 1983. Ga dokar takardar izinin yawo, ga ilimin da aka tsara da gangan don ya fitar da lebura. Duk waɗannan halal ne a dokar lokacin, don haka mai gonar da ya gada, da kamfanin haƙar zinaren da ya yi arziki da arhar lebura, suna iya kallon Benzien a talabijin su yi tir da shi, su kwanta da zuciya fes. Binciken filaye na gwamnati na 2017 ya nuna fararen fata, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba, na riƙe da kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane. A 2022 Bankin Duniya ya ce babu ƙasar da ta kai ta tazara tsakanin mai shi da marar shi. Ba zan ɗora wa hukumar alhakin hare-haren ƙin baƙi na 2008 da suka ci mutum 62 ba, ko harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana a 2012, ko tarzomar Yulin 2021 da ta ci fiye da 300. Ba aikinta ba ne raba arziki. Amma matasan da aka haifa bayan 1994 suna da dalili idan suka ce iyayensu sun yafe, su kuma sun gaji talauci.

Najeriya ta ari wannan tsari a 1999, lokacin da Obasanjo ya kafa kwamitin Mai shari'a Chukwudifu Oputa, Fada Matthew Hassan Kukah na cikin mambobinsa. An yi zaman jama'a, an kalla a talabijin, Babangida da Buhari da Abdulsalami suka ƙi bayyana, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. An ɗauki zaman sauraro, an bar ikon afuwa da barazanar shari'a, waɗanda su ne ke jawo mai laifi ya buɗe baki.

Ita ma Afirka ta Kudu ta saki wannan barazana. Ma'anar cinikin ita ce wanda bai nemi afuwa ba, ko aka hana shi, zai fuskanci kotu. Hukumar ta miƙa wa masu gabatar da ƙara kimanin shari'o'i 300, kaɗan ƙwarai aka taɓa, kuma tsofaffin manyan jami'an ofishin sun shaida a rantse cewa an yi musu katsalandan daga sama. 'Yan sandan da aka hana afuwa a 1999 kan mutuwar Biko ba a gurfanar da su ba. Iyalai ne da kansu suka yi ta bugun ƙofa har aka sake buɗe bincike. A 2017 kotu ta ce Ahmed Timol, wanda aka ce ya faɗo da kansa daga hawa na 10 na hedikwatar 'yan sandan Johannesburg a 1971, kashe shi aka yi, amma tsohon ɗan sandan da aka tuhuma ya mutu a 2021 kafin a fara shari'a. A Oktoban 2023 kotu ta ce azabtarwa ce ta kashe Imam Haron, shekara 54 bayan rasuwarsa. 'Yan sanda 6 da aka hana afuwa kan mutanen Cradock huɗu duk sun mutu ba a taɓa gurfanar da ko ɗaya ba. A farkon 2025 iyalai da dama suka maka gwamnati a kotu kan wannan sakaci, Shugaba Cyril Ramaphosa ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Sisi Khampepe, wadda ita ma tana cikin kwamishinoni 17 na farko, a watan Yuni kuma aka sake buɗe binciken kisan Cradock a karo na uku.